Koren Hasken da Ya Ci Idona

Ɗakin da na fara sauka a Koriya ba shi da taga. A hoton da aka turo mini ina Bodinga akwai taga, har da labule mai ruwan ƙasa. Da na iso na ɗaga labulen sai na tarar da bango. Matar da ke kula da gidan ta ga ina kallonta, ta nuna mini fitilar sama, ta ja ƙofa ta yi tafiyarta. Idan na miƙe hannuwana biyu ina taɓa wannan bango da wancan. Kafin in sami wurin sallah sai na ɗora akwatina bisa gado, in idar in sauke shi in sami wurin kwanciya. Na zauna bakin gadon nan da rigar sanyin da na saya a gwanjon Sakkwato, wadda ashe ba ta san sanyin da aka kawo ta ta tare ba, na ce wa kaina: Garba, kai ka nema.

Ni na nema kuwa, ba wanda ya tura ni. Lokacin na doshi hamsin. Na daɗe ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare a Shagari, kullum in hau babur daga Bodinga da safe in dawo bayan azahar. Digirina na biyu ma tsakanin hutu da hutu na harhaɗa shi. Na yi ta neman gurbin karatun dakta a ƙasashen waje har 'ya'yana suka fara yi mini dariya, sai ga shi wata jami'a a Koriya ta Kudu ta ɗauke ni, da tallafi. Matata Saratu ba ta ce kada in tafi ba. Ta dai tambaye ni ko a can ma ana daraja furfura.

Abin da ya kai ni kuwa albasa ce. Yayana Mamman manomin albasa ne a fadamar Danchadi. Duk shekara idan an cire albasa sai ya zuba ta a rudu, wato rumfar karan nan da ake ajiye ta har ta yi daraja. Duk shekara kuma idan aka buɗe sai a tarar ruɓa ta ci daga ciki, ba wanda ya san ranar da ta fara. Na karanta cewa albasa idan ta soma lalacewa tana fitar da wata iska tun kafin hancin mutum ya ji, kuma akwai wasu siraran zaruruwa da ake yi da ƙarfe waɗanda ke jin irin wannan iska. Sai na ƙudurta cewa zan koyo yadda ake yin su, in ƙera wa Yaya ɗan abin da zai rataya cikin rudu ya riƙa yi masa shinshine.

Ranar da na fara shiga ɗakin gwaje-gwajen, tambayar farko da ɗalibai suka yi mini da Turanci ita ce shekaruna. Da na faɗa sai suka dubi juna. Ashe na girmi Farfesan da zai duba aikina. Su ma mutane ne masu girmama babba, amma a ɗakin nan wanda ya zo ƙarshe shi ne ƙarami, shi ke wanke kwalabe da kwashe shara. Suka rasa yadda za su yi da ni. Ba su iya aikena, ba su kuma iya zaunar da ni su koya mini kamar yaro. Sai suka zaɓi su rusuna mini da safe, su rusuna mini da yamma, tsakani kuma su kewaye ni kamar turmi a tsakar gida. Na yi makonni a kan kujera ina karanta takardu, ba wanda ya ce mini taɓa nan.

Da na gaji sai wata safiya na naɗe hannun riga na nufi wurin wanki, na kama wanke kwalaben da suka taru. Wata ɗaliba, sunanta Sujin, sa'ar babbar 'yata, ta rugo tana cewa, "A'a, a'a, don Allah bari!"

Na ce mata, "Ko ki bar ni in wanke, ko ki nuna mini na'urar can. Zaman ya ishe ni."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar ofishin Farfesa, sannan ta yi dariya ta rufe baki da hannu. Ta ce, "To, wanke hannunka ka zo."

Ita ta koya mini aikin daga tushe. Ana ɗaukar ɗan guntun gilashi da aka shafa wa ƙarfe siriri, a nutsa shi cikin ruwan da aka narkar da gishirin tutiya, ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi da shi. Sai a saki hasken leza, wani siririn haske mai ƙarfi, kore shar, a tattara shi ya zama ɗigo ɗaya a kan gilashin. Daidai inda ɗigon ya sauka wurin yana ɗaukar zafi, nan kuma tutiyar da ke cikin ruwan take haɗuwa da iskar oksijin ta fara tsirowa, zare-zare, kowane ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Inda haske bai taɓa ba, ba abin da ke fitowa. Kwamfuta ce ke matsar da gilashin, don haka duk zanen da ka ga dama shi za ka shuka, layi ne, da'ira ce, ko rubutu. Ni da na tashi ina ganin lambun rani, inda kore ba ya fita sai inda aka kai ruwa, ban sha wahalar gane wannan ba.

Wahalar tana hannu. Idan hasken ya yi ƙarfi ruwan ya tafasa, kumfa ta ɓata komai. Idan ya yi rauni ka zauna har ka gaji ba tsiro. Da ido kuma ba ka ganin abin da ka yi, sai an kai gilashin wata babbar na'urar ƙara girman abu a wani bene, wadda ake bin layi kafin a samu. Sau da yawa nakan kai nawa da zumuɗi, a kunna, in ga fili fetal. Sujin takan ce, "Ni ma haka na yi shekarar farko." Ban san ko gaskiya ba ne, amma yana sanyaya mini rai.

Ranar da nawa ya fara fitowa, sai ga shi a allon na'urar kamar tushen gamba an hango shi daga sama, tsinke-tsinke sun buɗe ta kowane gefe. Na ce "Allahu Akbar" da ƙarfi har mai kula da na'urar ya zabura.

Wajen ɗakin gwaji kuwa rayuwa ta tsaya mini a maƙogwaro. Ban iya karanta rubutunsu ba, ina tsoron naman alade a cikin komai, don haka na daɗe a kan shinkafa da ƙwai. Kukar da Saratu ta ƙulle mini nakan kaɗa ta a ɗakin girkin da duk 'yan gidan ke amfani da shi, da zarar warin daddawa ya cika wurin sai in ga mutane suna ficewa ɗaya bayan ɗaya. Juma'a nakan hau jirgin ƙasa zuwa wani ɗaki a saman shago, inda ma'aikatan masana'antu daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa. Ba wanda ke jin Hausa. Mukan yi musafaha, mu yi murmushi, kowa ya koma inda ya fito. Ranar Sallah ta farko a ɗakin gwaji ta same ni, ina auna ruwan gishiri. Da la'asar na fita farfajiya na kira gida, su lokacin suna shirin tafiya idi. Saratu ta juya mini wayar ina ganin yara da sababbin kaya, ƙaramin yana ta ihu in dubi takalminsa. Da aka kashe na daɗe tsaye ina kallon wata bishiya da ban san sunanta ba.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da kayan miya a bakin kasuwar unguwarmu. Da na kai ga gwajin albasa ina bukatar wadda ta fara ruɓewa, sai na je wurinta ina nuna waɗanda ta ware gefe za ta zubar. Ta miƙo mini masu kyau, na girgiza kai na sake nuna ruɓaɓɓun. Ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta yi wata magana mai tsawo da ban ji ko ɗaya ba, ta zuba mini a leda, ta ƙi karɓar komai. Da na isa ɗaki na zazzage sai na ga ta sa lafiyayyu a ƙasa, da dankali, da ƙwai a naɗe cikin jarida. Ta ɗauka talauci ne ya sa nake cin ruɓaɓɓiya. Na roƙi Sujin ta rubuta mini bayani da yarensu na kai mata. Ta karanta, ta yi tsaki irin nasu, ta ci gaba da sa mini ƙwan har na bar ƙasar.

Farfesa bai so zancen albasar ba. Akwai wani kamfani da ke ɗaukar nauyin ɗakin, su abin da suke so shi ne a shuka zaruruwan a kan roba mai lanƙwasuwa. Ya ce mini, "Malam Garba, yi na kamfani tukuna. Idan na'ura ta huta ka yi albasarka." Ba mugun mutum ba ne a yadda na san shi lokacin. Mutum ne da kullum yake gudu, wayarsa a kunne, bai taɓa gama cin abinci a zaune ba.

A shekara ta biyu na samu abin da nake nema. Na ja layi biyu na zinariya a kan gilashi, na shuka zaruruwan a jere tsakaninsu har suka sarƙe da juna suka zama gada da wuta ke bi. Na sa shi cikin kwalba da lafiyayyar albasa, layin da ke allon kwamfuta ya tafi a miƙe. Na canza da wadda ta soma lalacewa ta ciki, wadda ko ni ban ji warinta ba, sai layin ya yi sama. Na maimaita, ya sake yin sama. Sujin ta yi ta tafi, har waɗanda suka saba toshe hanci idan na buɗe ledata suka zo suna leƙe. Na fita na kira Yaya Mamman, na same shi a gona.

Na ce, "Yaya, abin nan ya yi! Ya ji ruɓa tun ba ta fito ba."

Ya ce, "Kai Garba, da gaske? To, ka taho da shi kahin mu zuba ta bana."

Na ce masa da saura, wannan gilashi ne cikin kwalba, kafin ya zama abin ratayawa a rudu sai an ƙara aiki mai yawa.

Ya ce, "Awo, mu dai muna nan. Allah shi taimaka."

Ban taɓa jin na kusa da gida ba kamar ranar nan.

Na'urar lezar tana cikin wani baƙin akwati. An yi shi ne yadda da zarar an buɗe murfin hasken zai mutu, kuma muddin hasken yana kunne akwai jar fitila a saman ƙofar ɗakin da ke gargaɗin kada a shiga sai da tabarau na kariya. Da wa'adin kamfani ya matso sai aka ga kashewa da kunnawar nan tana cin lokaci, aka cire wayar da ke yin wannan aiki don a riƙa gyara madubai hasken yana kunne. Ashe wayar nan ita ce kuma ke kunna jar fitilar. Ba wanda ya gaya mini, don kwanakin ina ɗaya benen ina ɗaukar hotuna.

Wata ranar Talata bayan azahar na zo ɗaukar gilasaina. Na dubi saman ƙofa, fitila a kashe. Na tura na shiga. Sujin tana sunkuye cikin akwatin da tabarau a fuskarta, tana juya wani ɗan madubi. Na sunkuya zan ɗauki farantin gilasan a kan teburin, sai wani kore ya cika mini idon dama, kamar an watsa mini fenti. Ba zafi. Na miƙe ina ƙifta ido, ina jiran ya washe kamar yadda yake yi idan mutum ya kalli rana. Sujin ta juyo ta gan ni ba tabarau, ta saki ƙara, ta dafe makunnin.

Bai washe ba. Koren ya tafi, ya bar wani tabo mai toka-toka a tsakiyar duk abin da na kalla.

Farfesa da kansa ya ɗauke ni a motarsa zuwa asibiti, yana ta ba ni haƙuri a hanya. Likitan ba ya jin Turanci sosai, don haka Farfesa ya zama tafinta. Suka yi magana mai tsawo da yarensu, ni ina zaune da magani a ido. Daga baya ya juyo ya ce mini hasken ya ƙona wani ɗan wuri a can bayan ido, daidai inda mutum ke ganin abin da ya tsura wa ido. Ba aikin da za a yi. Wataƙila ya ragu, wataƙila ya tsaya haka. Na gode masa da ya tsaya mini. Har addu'a na yi masa a zuciyata.

Washegari da na leƙa ɗakin na tarar an mayar da wayar, jar fitila tana ci.

Sai bayan kamar mako biyu Sujin ta ce in same ta a wani shagon shayi nesa da makaranta. Ta rame. Ta ce ta ji Farfesa yana waya, ta kuma tambaya ta tabbatar: abin da ya gaya wa likita shi ne wai 'yar fitilar leza irin ta wasa na saya a kasuwa, na haska idona da ita a ɗakina. Haka aka rubuta. Jami'a ba ta san an yi haɗari ba.

Na ce, "Ni? Mai furfura, in haska idona da abin wasa?"

Ta ce, "Ka kai ƙara. Akwai ofishin da ke kula da wannan. Zan faɗi gaskiya, ni na juya madubin." Tana magana hawaye na zuba cikin kofinta.

Na tafi wurin Farfesa a ranar. Bai musa ba. Ya rufe ƙofa, ya tashi daga kujerarsa ya rusuna mini har ƙasa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ya ce idan magana ta fita za a rufe ɗakin, kamfani zai janye, ɗalibai duka za su tsaya. Ya ce shi zai iya tsira, amma wadda ke riƙe da madubi ita za a fara kira, ga shi bana take gamawa, mahaifinta direban tasi ne, ita kaɗai gare shi. Ya ce, "Ka bar mini wannan. Ni zan ga ka gama karatunka. Na yi maka alkawari."

Na kwana biyu ina juya abin. Ba wanda zan yi shawara da shi. Saratu na gaya mata ɗan ciwon ido ne, ana magani, don ban ga amfanin tayar mata da hankali daga nesa ba. Duk ta inda na biyo sai in tarar da yarinyar nan tsaye, wadda ta ce mini wanke hannunka ka zo lokacin da kowa ke kewaye ni. A garinmu idan babba ya rusuna ya ce ka rufa masa asiri, ba ka iya kallon idonsa ka ce a'a. Na koma na ce na bari.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda mutum ke ƙin ganin wanda ya zalunta. Farfesa ya ce don lafiyata kada in ƙara kusantar leza. Na yarda, don ni ma ƙofar ɗakin idan na gani gabana faɗuwa yake. Amma aikina duka a kan lezar yake. Ya ce wani ɗalibi zai riƙa shuka mini, ɗalibin kuma nasa ya sha masa kai. Karatu ya zama azaba, in na yi shafi biyu kaina ya ɗauki ciwo, sai na rufe idon dama da hannu. Zuba ruwa a ƙaramar kwalba ma sai in zuba a gefe. Na koma wankin kwalabe, wannan karon ba wanda ya rugo ya hana ni. A taron da yake yi da ɗalibai duk mako Farfesa ya daina tambayata ina aka kwana. Idan muka haɗu a matakala sai wayarsa ta zo kunne.

Sujin ta gama. Ranar bikin yaye su ta kawo iyayenta ta gabatar da ni, mahaifinta ya kama hannuna da hannu biyu yana ta magana. Ban san me ta gaya musu ba. Ta samu aiki a wani gari, ta tafi. Da tafiyarta ba sauran wanda ya san gaskiyar abin da ya faru sai ni da Farfesa.

Da wa'adin tallafina ya zo ƙarewa na je neman ƙari. Farfesa ya ce kamfani ya rage abin da yake bayarwa, kuma sakamakon da nake da shi bai kai na digiri ba. Na tuna masa alkawarinsa. Ya dubi tebur ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa. Daga nan na nufi ofishin da Sujin ta taɓa ambata. Wata mata ta saurare ni da ladabi, ta buɗe kwamfuta, ta ce abin da asibiti ya rubuta daban ne, lokaci kuma ya ja, ina da shaida? Na fito da wayata zan kira Sujin. Na tsaya ina kallon sunanta da idon hagu. Yanzu ta fara aiki, ta turo mini hoton teburinta. Na mayar da wayar aljihu, na yi wa matar godiya.

Har yau ban yanke wa kaina hukunci a kan wannan ba. Wani lokaci in ce daidai na yi. Wani lokaci, musamman in na ɗauki Alƙur'ani na ga tsakiyar ayar ta ɓace sai na karkata kai, in ce da tun ranar farko na buɗe baki, da wataƙila yarinyar ba abin da zai same ta, da ni ma an duba ni. Tsoron da aka nuna mini ban taɓa bincika ko na gaske ba ne. Abin da na fi jin zafinsa ba idon ba ne. Na riga na ga layin nan ya yi sama. Da ban gani ba da sai in ce abin bai yiwuwa, in huta.

Jami'a ta ba ni takardar shaidar cewa na kammala darussa, ba digiri ba. Na sallami tsohuwa mai kayan miya da hannu da ka, na nuna mata jirgi a sama. Ta cusa mini ledar busasshen kifi a aljihun riga, ta tura ni da hannu kamar mai korar akuya, ta juya baya.

A Bodinga kafin in sauke kaya gida ya cika, kowa "Dakta, sannu da hanya." Na yi ta gyarawa, ana cewa tawali'u ne. Yaya Mamman ya zo daga Danchadi da la'asar. Bayan an watse na ce masa ban zo da abin rudu ba, ban kuma san ranar da zan zo da shi ba. Ya murza hularsa a gwiwa, sannan ya ce, "Kai dai ka dawo da ranka, shi ke nan." Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma haka. Makaranta ta karɓe ni, na koma aji a Shagari. Babur dai na bar shi, mota nake bi, don ba na iya auna nisan abin da ke tahowa.

Saratu ta yi kwanaki tana lura da ni. Wata safiya yara sun tafi makaranta, muna zaune a tsakar gida, na ɗauki butar shayi zan zuba a kofi, na zuba a kan tabarma. Na yi dariya na ce hannuna ya manta kofunan gida. Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi butar ta ajiye, ta matso ta zauna daf da ni, ta sa tafin hannunta ta rufe mini idon hagu.

Ta ce, "Malam, dube ni. Mi kaka gani?"

Na ce, "Haba Saratu."

"Ni dai hwaɗa min. Mi kaka gani?"

Na dube ta. Na ce, "Ina ganin ɗankwalinki. Ina ganin 'yan kunnenki, da randar da ke bayanki."

"Huskata fa?"

Na ce, "Babu."

Ba ta ɗauke hannunta ba. Sai na ba ta labari duka, tun daga jar fitila har zuwa ofishin matar nan. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta sauke hannun, fuskarta ta dawo, na ga ta jiƙe.

Ta ce, "Ka ji tausan ɗiyar mutane, ban ce ka yi laihi ba. Amma ni da nika nan ina ta roƙon Allah shi ba ka sauƙin ɗan ciwon ido, ashe ba abin da ya kamata in roƙa ba ke nan."

Ta goge fuska da gefen zane, ta tashi ta zagayo ta zauna ta hannun haguna, ta ɗauki butar ta cika mini kofin. Tun daga ranar, ko a ɗaki ko a mota ko a gidan biki, ban ƙara ganin Saratu ta zauna mini ta dama ba.